Kira Uku, Shafi Sittin

Idan ana lissafin mutanen da suka tallafe duniya don kada ta karkace, da Babban Sakatare ya kamata a fara. Shekara ashirin da bakwai yana rubuta rahoton taron majalisar gudanarwa ta hukumarsu, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa yin faɗa a hukumar ba. Wato a takarda. Akwai ranar da daraktoci biyu suka cakumi wuyan juna har maɓallin rigar ɗaya ya faɗa cikin kofin shayin shugaba. Washegari rahoto ya fito, an rubuta: "An yi musayar ra'ayi mai amfani a kan batu na huɗu." Su kansu daraktocin da suka karanta, sai suka fara shakkar ko sun yi faɗan.

Shi ya tsara dokokin zaman taro, guda talatin da ɗaya, aka buga aka manna a bayan ƙofa. Ta goma sha huɗu ce abin alfaharinsa: duk wanda ya shigo ya kife wayarsa a kan tebur, ba mai ɗaga ta sai an rufe taro.

"Taro amana ne," yakan ce, yana ɗaga yatsa. "Wanda ya amsa waya a tsakiyar taro ya ci amanar mutum goma sha biyu a lokaci guda."

A gida ma bai rage komai ba. Sayen firiji sai da aka yi zama biyu. Fentin falo aka ɗage shi zuwa zama na gaba har fentin ya gaji ya ɓare da kansa. Autarsa ce ta raɗa masa suna Kwamiti tun tana aji uku a sakandare. Da ta ji ƙarar motarsa sai ta leƙa kicin ta ce, "Mama, a gyara zama, Kwamiti ya iso." Yana ji, yana yin kamar bai ji ba. A ransa kuwa sunan bai yi masa zafi ba. Ai ba kowane namiji ake kira da sunan mutum goma sha biyu ba.

Auta ta rasu ranar wata Talata, tana da shekara ashirin da huɗu. Asma ce, wadda take fama da ita tun tana ƙarama. Ta taso mata da hantsi a gida, mahaifiyarta da wata maƙwabciya suka ɗauke ta zuwa asibiti. Kwamiti yana taro. Wayarsa tana kife ta yi rawa a kan tebur sau uku: ƙarfe sha ɗaya da minti biyar, da minti bakwai, da minti sha biyu. A kira na biyu ya ɗan ɗaga gefenta da yatsa, ya ga sunan Auta, ya mayar ya kife. Yana tsakiyar karanta rahoton zaman da ya gabata ne, shafi na uku. An rufe taro ɗaya saura kwata. Da ya kira lambar, maƙwabciyar ce ta ɗauka. Da ya isa asibiti, an riga an rufe mata fuska.

Kowa da yadda yake makokinsa. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda lissafi take koyarwa, ta yi shiru. Bayan wata guda ta koma makaranta, tana zuwa tana dawowa, abinci kaɗan, magana kaɗan. Yayyen Auta biyu suka koma garuruwan da suke aiki. Kwamiti kuwa fayil ya buɗe. Fayil mai kauri, mai igiya. Ya sa takardar asibiti, ya sa amsar da likita ya ba wa tambayoyinsa goma sha tara, ya sa takardar da ya nemo daga kamfanin waya mai nuna lokutan kiran nan uku, da hatimi a ƙasa.

Tambaya ɗaya ce ta hana shi sakat: me Auta take so ta faɗa masa? Da ita yake tashi, da ita yake tuƙi, da ita yake kallon bakin daraktoci yana motsi bai jin komai. Wannan ciwo ne na gaske, ba za mu yi masa dariya a kai ba. Sai dai mutum irin Kwamiti, ko laifi zai ɗauka, sai ya zaɓi mai daraja. Masu zuwa gaisuwa duk sun ji shi.

"Ni ta kira," yakan ce. "Ba likita ba, ba yayyenta ba. Ni. Sau uku. Akwai maganar da ba ta yarda ta bar wa kowa ba sai mahaifinta."

Yana faɗa idonsa yana kawo ruwa, kuma ruwan na gaske ne. Ƙirjin da yake ɗan turowa gaba, shi ma na gaske ne. Malama tana zuba wa baƙi shayi, ba ta ɗago kai.

A wata na tara ya ji labarin wani kamfani. Kai musu saƙonnin mamaci, na rubutu da na murya, su zuba wa na'ura. Na'ura ta koyi muryarsa da yadda yake jera magana, sai su saka maka manhaja a waya. Ka yi magana, a amsa maka. Wasu da suka ji labarin sun ce abin tsoro ne, wasu sun ce bai dace ba. Kwamiti ya ce a ƙarshe dai an samu hukumar da za a miƙa wa tambayar.

Ofishin yana hawa na uku. Fararen kujeru, furen roba, da kwalin takardar goge hawaye a kan kowane tebur, an ɗan zaro ta farko don kada mutum ya sha wahala. Jami'ar da ta karɓe shi mace ce mai tabarau da magana a hankali, da gani ta ga iyaye da yawa a kujerar nan. Ta tambaye shi sunan marigayiyar. Ya ce kafin a shiga batu, zai so ya gabatar da kansa. Minti goma sha biyu ya ɗauka.

"A taƙaice," ya ce daga ƙarshe, "kin samu wanda ya fi kowa saninta a duniya. Uwa tana raino, ba a musu. Amma fahimtar hali, wannan aikin wanda ya saba nazarin mutane ne."

"Allah ya jiƙanta, Yallaɓai," in ji jami'ar. "Abu ɗaya nake faɗa wa kowa kafin ya sa hannu. Ba ita ba ce. Kwaikwayo ne. Abin da aka ba na'urar shi take jujjuyawa. Abin da ba a ba ta ba, ba ta san shi ba, kuma ba lallai ta ce ba ta sani ba. Tana iya haɗa maka wani abu daga abin da ke hannunta."

"An gani," in ji Kwamiti, ya sa hannu.

Ta jona wayarsa da kwamfuta, saƙonninsa da Auta suka fito a babban allo. Shekara shida, saƙo ɗari biyu da goma sha huɗu. Jami'ar ta fara gangarawa a hankali. Na Auta dogaye ne, da hotuna, da dariya: ɗan akuyar da ta yi wa ɗinki a asibitin dabbobin da take koyon aiki, malamin da ya yi barci a tsaye, takalmin da ta gani tana so. A ƙarƙashin kowanne akwai amsar mahaifinta. "An gani." "An gani." "A tuntuɓi mahaifiyarki." Ranar da sakamakonta na ƙarshe ya fito ne kaɗai ya saki jiki: "An gani. Madalla."

Kwamiti bai taɓa ganin su a jere haka ba, kuma a allo mai faɗin ƙofa. Ya gyara tabarau. Ya ce wa jami'ar taƙaita magana horo ne, ba kowa ke iyawa ba.

"Haka ne, Yallaɓai. Sai dai sun yi kaɗan. Yawanci dubbai ake kawo mana. Mahaifiyarta fa? Ko wayar ita marigayiyar?"

"Za a gabatar da su," ya ce.

Ba a gabatar da su ba. Wayar Auta tana cikin durowar Malama, a naɗe cikin wani ɗankwali. Saƙonninsu kuwa, ita da 'yarta, sun haura dubu goma sha ɗaya. Kwamiti ya zaunar da ita ya yi mata bayanin amfanin abin a ƙarƙashin kanu huɗu. Ta saurare shi har ƙarshe, kamar yadda ta saba shekara talatin da biyu.

"Nawa ba na kamfani ba ne, Malam," ta ce. "Sha shayinka, zai huce."

Da wani mutum ne, da a nan zai tsaya. Kwamiti ya ga cewa an bar masa aikin ne shi kaɗai, kamar kullum, kuma ya ji wani ɗan daɗi da ya ƙi ya duba fuskarsa.

Ya fara da tantancewa, domin ba a miƙa wa hukuma takardu a hargitse. Cikin ɗari biyu da goma sha huɗu ya cire saba'in. Ya cire hoton da ta ɗauke shi yana barci a kujera, jarida a fuska, ta rubuta a ƙasa: "Kwamiti ya tafi hutun rabin lokaci." Ya cire duk inda sunan Kwamiti ya fito, saboda bai dace a tarihi ba. Ya cire saƙonnin muryar da dariya ta ci ƙarfinta har ba a jin abin da take cewa, ya rubuta a gefe: babu bayani a ciki. Ya bar guda biyar da ta turo masa lokacin da take gwajin kare kundin digirinta, tana karantawa a natse don ya gyara mata. Waɗannan, ya ce, su ne ainihin muryarta.

A fom ɗin kamfanin akwai wani ɗan akwati: ƙarin bayani game da halinta, idan akwai. Layi biyar aka bari. Kwamiti ya dubi layi biyar ɗin nan da tausayi, ya rubuta a ciki: "A duba abin da aka haɗa."

Mako uku ya yi yana rubutu. Kullum da ya dawo daga aiki sai ya share gefen teburin cin abinci ya buɗe kwamfuta. Kuma a nan ne gwanintar shekara ashirin da bakwai ta nuna kanta. Akwai shekarar da ya ce Auta lauya za ta karanta, ta ce dabbobi take so, ta buga ƙofa har agogon bango ya faɗo, suka yi wata biyu ba sa ko gaisawa sai ta bakin Malama. A rahoto ya zama: "Bayan tattaunawa mai zurfi, marigayiya ta zaɓi likitancin dabbobi tare da amincewar mahaifinta." Akwai ranar da ta ce masa a gaban baƙi, "Baba, kai ko ruwa za ka sha sai ka nemi wanda zai goyi baya." Ya zama: "Marigayiya ta kasance mai yaba tsarin mahaifinta na tuntuɓa." A shafi na ashirin da biyu ya zo kan ranar da ya koya mata tuƙa keke. Ya daɗe yana kallon bango. Sannan ya goge fuskarsa ya rubuta: "An samu nasara a zagaye na huɗu."

Shi a ganinsa ba ƙarya yake yi ba. Tsabtacewa yake yi. Duk wanda ya taɓa ɗaukar alƙalami a kan wanda yake so ya san hannun yakan so ya share wani abu, sai dai ba kowa ke da horon sharewa har ƙasa ba.

Shafi sittin suka fito, da rataye uku. Na ukun shi ya fi so. Kansa: "Kalaman da marigayiya za ta iya faɗa da an ba ta dama."

Jami'ar ta auna takardun a tafin hannunta. "Yallaɓai, wannan zai rinjayi saƙonninta. Nata ba su kai shafi goma ba."

"'Yata," ya ce, cikin haƙurin manya, "ɗanyen bayani daban, tataccen bayani daban. Ku dai ku zuba."

Suka zuba.

Ranar wata Asabar da la'asar aka yi bikin buɗewa a falo. Mahalarta uku ne: shi, da Malama, da yayarsa wadda yara ke kira Goggo. Goggo ta girme shi da shekara tara, ita ta goya shi, kuma ita kaɗai ce a duniya ba ta taɓa jira ya kai aya ba. Ya raba musu ajanda, kowa kwafi ɗaya. Batu na ɗaya, jawabin buɗewa. Na biyu, gabatar da marigayiya. Na uku, tambayoyi. Na huɗu, sauran batutuwa.

"Mu uku ne fa, ƙanena," in ji Goggo, tana fifita da tata.

Ya miƙe tsaye. Ya yi magana a kan tarihin ɗan Adam da mantuwa, tun daga zane a bangon kogo har zuwa kyamara. Ya ce kowane zamani yana da mutanen da ke shiga gaba, ana zaginsu, daga baya a gode musu. Ya ce bai nemi godiya ba. Sannan ya jingina wayar da kwalbar fure a tsakiyar tebur, ya danna.

"Baba, barka da yamma."

Muryarta ce. Har ɗan kaushin nan da ke ƙarshen numfashinta, wanda asma ta bar mata. Ajandar ta zame daga hannun Kwamiti ta faɗi ƙasa, bai san ta faɗi ba. Malama ta rufe ido. Goggo ta daina fifita. Na ɗan lokaci babu babban sakatare a falon nan, sai wani dattijo da ya lalubi hannun kujera ya zauna.

Goggo ce ta fara samun baki. Ta matso. "Auta. 'Yar nan. Ni ce, Goggonki."

"Goggo, ina yi miki maraba da zuwa wannan zama," in ji muryar. "Kafin mu ci gaba, ina so in miƙa godiya ta musamman ga mahaifina bisa jagorancinsa."

Goggo ta dubi wayar. Ta dubi ƙaninta. Ta sake duban wayar.

"Yarinyar da ke ɓoye mini takalmi ƙafa ɗaya don kada in tafi gida? Ke Auta, tsakaninki da Allah, wa ya fi kowa surutu a gidan nan?"

"Kowa a gidan yana ba da gudummawa gwargwadon iko, Goggo."

"Wa ya fasa agogon bango?"

"An samu saɓanin fahimta, amma an warware shi cikin mutunta juna."

Goggo ta jingina da baya. "Ƙanena," ta ce, "wannan ai kai ne ka ɗaura ɗankwali."

"Yaya, na'urar tana matakin gwaji. Kuma ki sani mutum yakan natsu bayan..."

"Bayan me? Lahira makarantar sakatarori ce?"

Malama ta miƙe. Ta ce ta bar ruwa a wuta. Kowa ya san babu ruwa a wuta. Suka ji ƙofar ɗaki ta rufu a hankali, ba ta kicin ba. Kwamiti ya ɗauko ajandarsa daga ƙasa, ya rubuta a gefe cewa Malama ta nemi uzuri, ya ɗage batu na uku zuwa wani lokaci.

Kwana goma sha biyu yana yawo da tambayarsa bai yi ta ba. Yakan buɗe manhajar a mota, su gaisa. Ya tambaye ta ko ya canza tayoyin gaba, ta ce shawara ce mai hangen nesa. Washegari ya ce ya fasa, ta ce wannan ma hangen nesa ne. Auta ta gaske, da ya ce mata rana ta fito sai ta leƙa taga ta tabbatar. Ya lura da bambancin. Amma muryar, muryar ce, kuma ba a taɓa yarda da shi da wannan muryar ba. Ya gano abin yana da daɗi, irin daɗin da mutum ba ya so a kama shi yana ji.

Ranar Alhamis, lokacin hutun rana, ya kulle ofishinsa. Ya sauke labule. Ya ajiye wayar a kan fayil ɗin mai igiya, ya haɗa hannuwansa kamar mai jiran sakamakon asibiti.

"Auta," ya ce. "Ranar nan. Kin kira ni sau uku ban ɗauka ba. Me kike so ki faɗa mini?"

Muryar ta amsa.

"Baba, na kira ne saboda abu uku. Na farko, in gode maka bisa tarbiyya. Na biyu, in tabbatar maka cewa na fahimci nauyin da ke kanka a wurin aiki, kuma ban riƙe ka da komai ba. Na uku, in bar maka amanar mahaifiyata, domin kai ne ginshiƙin gidan."

Kwamiti ya kifa kansa a kan tebur ya yi kuka, irin wanda bai yi ba ko a asibiti. Kira uku, batu uku. Komai ya zauna daram.

Wajen kwata guda ya yi a haka kafin wani abu ya fara yi masa ƙaiƙayi a bayan kai. Kalmar ginshiƙi. Ya san inda ya taɓa ganinta. Bai buƙaci ya buɗe ba: rataye na uku, sakin layi na tara. Ya tuna har yammacin da ya yi yana zaɓa tsakaninta da kalmar jigo.

Nan ma da wani mutum ne, da ya tsaya. Amma Kwamiti ya yi nazari ya ga cewa ba a watsi da rahoto don kawai kai ka rubuta shi. Shekara ashirin da bakwai majalisa tana amincewa da abin da ya rubuta, shi ma yana cikin masu ɗaga hannu. Kuma idan na'ura mai wannan ilimi ta duba shafi sittin ta zaɓi wannan sakin layin, ai ta tabbatar da shi ke nan. Ya buga amsar a takarda mai kyau, ya sa kwanan wata. Ya bar ofis tun ƙarfe uku, abin da masinja ya ce bai taɓa gani ba. Yana tuƙi yana tausaya wa Malama. Ita ma tana cikin batu na uku, ya kamata ta ji.

Ya same ta a teburin cin abinci, takardun jarrabawar ɗalibai a gabanta tuli biyu, jan biro a hannu. Ya ajiye wayar a tsakiyar tebur, manhajar a buɗe, a matsayin shaida. Ya gyara murya ya karanta a tsaye, a hankali, yana ba kowane batu haƙƙinsa. A na ukun ya ɗago ya dube ta.

Malama ta rufe bironta.

"Malam, zauna."

"Bari in kammala, akwai ɗan sharhi..."

"Zauna."

Ya zauna.

"Auta ba ta kira ka ba," ta ce.

Ya yi murmushin da yake yi wa sabbin daraktoci. "Malama, akwai takarda daga kamfanin waya. Da hatimi."

"Wayarta ce ta kira ka. Ita tun kafin mu fita daga gidan nan ba ta iya haɗa kalma biyu. Kanta yana cinyata a bayan mota. Ni na kira."

Ya dubi takardar da ke hannunsa kamar za ta kawo masa ɗauki.

"Ke? To... taki wayar fa?"

"Tana jakata. Da cajinta." Ta daidaita gefen takardun jarrabawar da tafin hannu, ko da yake a daidaice suke. "Na san idan ka ga sunana kana taro ba za ka ɗauka ba. Na ce ko nata."

Wata mota ta wuce a titi. A gidan maƙwabta wani yana jan kujera.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Ka tambayi likita, a rubuce. Ka tambayi kamfanin waya. Ka tambayi wannan." Ta nuna wayar da haɓa. "Wata goma sha ɗaya muna cin abinci a teburin nan, ni da kai. Da farko ba ni da bakin magana. Daga baya na ji kana faɗa wa mutane ita ta kira ka, na ga da shi kake dogarawa kana tafiya. Ban ga yadda zan fizge wa mutum sanda ba. Amma ba zan zauna a karanta mini cewa an bar maka amanata ba."

Ya ajiye takardar a kan tebur. Da muryarsa ta fito, ƙarama ce.

"Me kike so ki ce mini, ranar?"

"Ka zo."

Ya jira sauran.

"Shi ke nan, Malam. Babu na biyu, babu na uku. Tsoro nake ji. Ka zo."

Kwamiti ya buɗe baki. Mutumin da bai taɓa rasa jimlar da zai lulluɓe ko wane irin rikici ba ya lalubi cikinsa kaf, bai samu ko ɗaya da zai iya faɗa wa matar nan ba. Ya rufe bakin. Ta dube shi, ya dube ta, ko ƙifta ido ba su yi ba.

Sai dai masu kamfanin mutane ne masu tausayi. Sun san shiru yana yi wa masu makoki nauyi, don haka suka tsara manhajar ta cike shi idan ya yi tsawo. Daga tsakiyar tebur, cikin muryar Auta, har da ɗan kaushin numfashin, aka ce:

"Baba, na gamsu ƙwarai da wannan bayani naka. Idan babu mai ƙarin magana, ina ba da shawarar a amince da shi yadda yake."